Yadda ake gano abin da ya ɓata fuskar rim ɗin aloyi, da yadda ake gyara shi

Duk mai tuƙa Camry ko Accord mai rim ɗin aloyi, wato rim ɗin zubin alminiyam, ya san wannan takaici: an wanke mota tana ta sheƙi, amma ƙafafun sun yi dishi-dishi, ga karce a baki, ga wani farin abu yana bin ƙarƙashin fenti. Mutane da yawa sai su sayi gwangwanin fenti ruwan azurfa su fesa a kai, ƙafar tana jikin mota. Kafin damina ta fita fentin ya kumbura ya ɓare, saboda an ba da magani ba a duba ciwo ba. Dubawar ita ce rabin aikin, don haka a kanta zan fi tsayawa.

Ka ɗaga motar da jak, ka tokare ta da abin da ba zai zame ba, ka cire ƙafar. Bari rim ɗin ya huce, sannan ka wanke shi gaba da baya da sabulun mota da soso mai laushi. Ɗigo-ɗigon nan masu launin ƙasa da suke ƙin fita ƙurar birki ce, ɓurɓushin ƙarfe mai zafi da ya nutse cikin fatar fenti. Akwai ruwan wanki na musamman da ke narkar da shi, yana komawa shunayya idan ya haɗu da ƙarfen. Kada ka sa soson ƙarfe. Bayan karcen da zai yi, yana barin ƙwayoyin ƙarfe a jikin alminiyam, su zama tushen sabuwar ɓarna.

Kafin ka yi maganar kyau, duba lafiyar rim ɗin. Haska fitila a cikinsa da kuma gindin kowane hannu, wato sandunan da ke haɗa bakin rim da tsakiyarsa, inda ya haɗu da tsakiya. Idan ka ga siririn layi kamar gashi, tsagewa ce, kuma fila (ƙullun cike rami) da fenti ɓoye ta kawai za su yi. Tsagewa a hannu ko kusa da ramukan noti, a canza rim ɗin, babu wani zaɓi. Tsagewar da ke bakin rim na ciki kuwa, wani lokaci ƙwararren mai waldar alminiyam na iya kama ta. Idan kuma sitiyari na rawa tun da ka faɗa wani rami, kai ƙafar wurin masu balansin su juya ta a inji, lanƙwasa za ta nuna kanta. Na ga inda ake ɗora rim a wuta ana dukansa da guduma kamar na ƙarfe. Rim ɗin aloyi zubi ne na alminiyam da aka gauraya da silikon, yawanci wajen kashi 7 cikin 100, kuma irin wannan duka na iya tsaga shi ta inda ido ba ya gani.

Yanzu ka gano irin fuskar da ke gare shi. Mafi yawa fenti ne da aka rufe da kiliya, wato fatar nan mai haske kamar gilashi. Akwai wanda aka shere fuskarsa da inji, idan ka matso za ka ga siraran layuka kamar bayan faifan CD, shi ma da kiliya a kai. Akwai mai kurom, wato rufin ƙarfe mai ƙyalli kamar madubi, akwai kuma tsurar alminiyam da aka goge. Ɗiga man goge ƙarfe a farin tsumma ka shafa a wani lungu: idan tsumman ya yi baƙi, tsurar alminiyam ce, idan ya fito fes, akwai kiliya.

Sai ka sa farce a kan karcen. In farce bai kama ba, a kiliya kaɗai ya tsaya, kuma man goge fentin mota ya isa, ko ka fara bi da jiƙaƙƙen samfefa lamba 2000. In ya kama har kana ganin farin ƙarfe, irin wanda dakalin titi ko bakin kwalbati ke yi wa rim wajen fakin, sai an cike an yi fenti. Farin dabbare-dabbare mai bin sawun gangarowar ruwa kuwa ƙunar sinadari ce. Wasu ruwan wankin rim asid ne mai ƙarfi, kuma soda irin ta yin sabulu tana cin alminiyam. Ka riƙa tambayar mai wanke maka mota abin da ke cikin jarkarsa.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne farin zaren nan mai tafiya kamar tana a ƙarƙashin kiliya. Alminiyam ba ya jar tsatsa irin ta ƙarfe, fari yake yi kamar gari. Tsakuwa ce ke fasa kiliya, ko ƙarfen mai faci wajen cire taya, ko dalmar balansin da ake maƙalawa a baki, danshi ya shiga ta nan ya ci gaba da tafiya a ɓoye. Motocin da aka shigo da su daga Kanada da arewacin Amurka sukan zo da wannan ciwo, don a can gishiri ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara. Gogewa daga sama ba ta taɓa shi. Kuma idan taya na rage iska a hankali ba tare da ƙusa ba, zuba ruwan sabulu a inda taya ta haɗu da rim. Kumfa na nufin ɓarnar ta kai mazaunin taya, sai mai faci ya cire ta an kankare wurin ya yi sumul.

To, gyaran. Mafi kyau a cire tayar gaba ɗaya. In ba hali, sace iskar ka jera katin karta tsakanin taya da bakin rim, ka rufe sauran da jarida da salatef, har da bawul. Goge wurin da tina ko maganin cire maiƙo, domin man sa taya sheƙi yana hana fenti kamawa.

Fara da samfefa lamba 180 ko 240 a kan karcen, ka kwantar da duk wani tsini. Inda farin zare yake, ka bi shi har sai ka wuce ƙarshensa ka tarar da ƙarfe mai haske da kiliyar da ke manne da kyau. A nan ake gajiya a yi ha'inci, kuma ɗan abin da ka bari shi zai sake tasowa. Ramin da ya rage ka cike da fila mai haɗin ƙarfe, kaɗan-kaɗan, ta ɗan ɗara fuskar rim. Idan ta bushe, naɗe samfefa a ɗan katako ka daidaita ta da siffar bakin, daga 240 zuwa 400. Rufe ido ka shafa da yatsa. Abin da yatsa ya ji, fenti zai nuna shi. Sauran fuskar ka bi ta da 600 har sheƙin ya mutu, ka sake gogewa da tina.

Tsurar alminiyam ba ta riƙe fenti haka kawai. Tana buƙatar firama, wato shafin farko kafin fenti, mai cizon ƙarfe, wadda ake rubuta etch primer a gwangwaninta. Shafi ɗaya ko biyu marasa kauri, sannan firama ta yau da kullum, ka bari ta bushe, ka lallaɓa ta da 800. Fentin launi ka fesa daga nisan kamar taƙi ɗaya, santimita 20 zuwa 25, shafi uku sirara, da hutun minti 10 zuwa 15 a tsakani. Ka fi fesa dukan fuskar rim, don ruwan azurfa iri-iri ne kuma faci ɗaya yana fitowa fili. Kiliya shafi biyu ko uku a ƙarshe. Mai haɗi biyu, da ake kira 2K, ta fi jure zafin birki da fetur, sai dai tururinta guba ne ga huhu, ba a fesa ta sai da takunkumi mai matata, a wuri mai iska. A lokacin hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasa ka yi aikin a inuwa inda ƙura ba ta shiga. Da damina ka guji ranar da iska ta yi danshi, kiliya na yin hazo.

Kada fenti ya taɓa bayan rim inda yake zama a kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaura ƙafar a kai, ko mazaunin noti. Fenti a wurin yana murƙushewa daga baya, noti ya saki.

Rim mai fuskar inji ba ya komawa yadda yake da hannu. Sai an sake shere shi a inji, kuma sau ɗaya ko biyu kawai yake ɗauka tunda kowane yanka na rage masa nama. Ni a ganina, in babu mai injin kusa da kai, fente guda huɗun launi ɗaya ya fi. Kurom da ya fara ɓarewa ma ba aikin gida ba ne.

Ba shi aƙalla kwana ɗaya kafin a mayar da taya, ka roƙi mai faci ya sa tsumma ƙarƙashin ƙarfensa, a sake balansin da dalma mai mannewa ta ciki. Ɗaura notin ka riƙa tsallake ɗaya, ba a jere ba. A ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti, wato Nm, yawancin Corolla da Camry 103 suke so, Accord 108. Bayan tafiyar kamar kilomita 50 ka sake gwada su, kuma mako biyun farko da ruwa zalla za ka wanke rim ɗin.