Yadda nake gwada ƙarfe a kwamfuta kafin ya je hannun mai walda

A nan Maradi, kafin in kai wa mai walda zanen sandar da ke riƙe tayoyin amalanke, sai na ɗora mata kaya a kwamfuta tukuna. Da manhajar zane ta FreeCAD nake aiki, kyauta ce, wata manhajar mai suna CalculiX ke yi mata lissafi.

Ka zana sandar da milimita, ka gaya wa manhajar taurin ƙarfen: megafaskal (ma'aunin tauri a nan) 210000, adadin Poisson (yadda ƙarfe ke sirancewa in an ja shi) 0.3. Daga nan ta yayyanka sandar gutsi-gutsi kamar ragar kamun kifi, ta lissafa kowane gutsure, ta haɗa.

Inda nake so ka natsu shi ne wajen kafewa (nuna wa manhajar inda sandar ba ta motsi) da ɗora nauyi. Buhun gero goma masu kilo 100 kusan niyuton (ma'aunin ƙarfin danniya) 9800 ke nan. Ka raba nauyin daidai inda gangar amalanken ke zaune, kada ka tara shi a ɗigo ɗaya. In ka kafe bakin sandar ƙam alhali a zahiri yana ɗan motsi, za ta nuna ƙarfin da ba ta da shi, kuma a hanyar Tibiri za a gane.

Ka ƙanƙanta ragar kusa da walda, ka sake gwadawa har amsa ta daina canzawa. Ni ko a nan ba na yarda sai na duba da biro da takarda.

Masu binciken ɗorin ƙashi ma haka suke yi. Taurin ƙashi bai cika wuce megafaskal 20000 ba, na titaniyom (ƙarfen da ake ɗori da shi) kuwa kusan 110000, shi ya sa ƙarfen ɗori kan kwashe nauyin, ƙashin ya yi rauni.