Yadda Za Ka Nemo Finafinan Ƙuruciyarka Ka Sake Kallonsu Da Iyalinka

Wanda ya yi samartaka ko 'yanmatanci a ƙauyukan Kano da Jigawa tsakanin 1995 da 2007 ya san gidan kallo na zana, da benci, da ƙarar janareto, da talabijin ɗaya da aka ɗora a kan tebur. Finafinan da aka kalla a wannan zamani sun shiga cikin maganarmu da ɗinkinmu da yadda muke zuwa zance, amma yawancinsu suna kan kaset da faifan CD waɗanda zafi da ƙura suke cinyewa. Nemo su aiki ne mai yiwuwa, idan aka bi shi da tsari.

Kafin ka fita nema, ka zauna ka rubuta abin da kake tunawa: sunan fim idan ka riƙe shi, idan kuma ya ɓace maka sai ka rubuta sunan ɗan wasa, ko baitin waƙa, ko wata fitowa da ta zauna maka a rai. Sanin shekara yana rage wahala ƙwarai. Harkar fim ɗin bidiyo na Hausa ta soma ne a Kano a 1990 da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, kuma daga fitowar Sangaya a 1999 waƙa da rawa suka zama ginshiƙin kusan kowane fim, saboda haka fim mai yawan waƙoƙin fiyano galibi bayan wannan shekara aka yi shi. Matan gida sun fi maza riƙe sunaye da waƙoƙi, domin su ne suke aron kaset daga gida zuwa gida, don haka ka fara tambayar yayarka ko gwaggonka.

Daga nan sai ka nufi masu tura finafinai a waya, musamman ranar kasuwa, kamar Juma'a a Wudil ko Alhamis a Maigatari, ka nemi wanda ya daɗe a sana'ar. Wasu kamfanonin sun ɗora tsofaffin ayyukansu a YouTube, kuma ya fi dacewa ka kalla a tasharsu, domin haƙƙin masu aikin ya isa gare su.

Idan kaset ɗin kansa ka samu a cikin adaka ko ƙarƙashin gado, to, a nan ne ake bukatar haƙuri. Kada ka yi gaggawar cusa shi a bidiyo. Ka ɗaga shi a haske ka leƙa ta tagar robar da ke jikinsa. Idan ka ga fari-fari kamar gari a gefen zaren, fumfuna ce ta damina, kuma za ta ɓata kan bidiyon, ta shafi duk kaset ɗin da aka saka bayansa. Irin wannan sai a kai wa mai gyara ya buɗe ya share a hankali. Wanda yake da tsabta kuwa, a tura shi gaba har ƙarshe, a dawo da shi farko, domin zaren da ya manne ya saki. A karya ɗan harshen da ke gefensa don kada a yi ɗauka a kansa bisa kuskure, a ajiye shi a tsaye, nesa da lasifika saboda maganaɗisu, nesa kuma da kwanon rufi mai zafi. Tun 2016 aka daina ƙera na'urar bidiyo ta kaset a duniya, saboda haka wadda ka samu tana aiki ka lallaɓa ta, ka hanzarta juye fim ɗin zuwa kwamfuta. Masu ɗaukar hoton biki da suka daɗe a sana'a sukan iya wannan aiki, kuma fim mai awa biyu awa biyu yake ɗauka kafin ya juyu.

Faifan CD ya fi sauƙi. A goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba, sannan a kwafe shi a kwamfuta. Ko da wace hanya ka samu fim ɗin, ka ajiye shi a wuri biyu, domin memori yakan mutu ba tare da sanarwa ba.

Mataki mafi muhimmanci a wurina shi ne ka fara kallonsa kai kaɗai kafin ka tara yara. Idon ɗan shekara 16 daban yake da idon magidanci, kuma za ka iya tarar da abin da ya burge ka a da yanzu ba ka so 'yarka ta kwaikwaya, musamman a finafinan da aka yi kafin kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Yayin kallon ka tambayi kanka abin da fim ɗin ya bar maka. Da yawa daga cikinmu ra'ayinmu game da auren dole, da zaman kishiyoyi, da riƙon maraya, a gaban talabijin ya fara tsiro, tun kafin mu san mun ɗauki wani ra'ayi. Ka lura kuma da abin da ke bayan 'yan wasan: kwanukan jere a ɗakin amarya, ɗaurin ɗankwali, tsofaffin takardun naira, da Hausar da ake yi ba tare da cakuɗa ta da Turanci ba.

Ranar kallon iyali, ka zaɓi dare bayan sallar isha, ka tabbata batirin sola ya cika, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ka fara da barkwanci, domin yara sun fi saurin karɓarsa; finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa wanda ya rasu a Disamba 2014, har yanzu suna sa yaro da babba dariya, kuma yaran karkara suna jin Hausarsa kamar ta gidansu. Kada ka riƙa tsayar da fim don yin wa'azi. Ka bari ya ƙare, su yi tambayoyinsu, idan kuma kakarsu tana kusa ka bar mata amsar, domin ita ta san yadda aka yi biki da jere a wancan lokacin. Hoton zai yi musu dishi-dishi idan aka gwada da na waya, saboda haka ka gaya musu tun farko, sannan ka rage hasken fitila ka ƙara murya.