Yadda Ake Cuɗa Irin Waken Suya da Garin Bakteriya Kafin Shuka

Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya. Shuka ba ta iya ɗibarsa daga iska da kanta. Masu wannan aiki wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira rizobiyam, waɗanda ke shiga saiwar wake, gyaɗa da waken suya su yi ƙuraje. A cikin ƙurajen suke juya naitirojin na iska ya zama abincin shuka, ita kuma ta ciyar da su da sukarin da ganyenta ya haɗa.

Wake da gyaɗa sun daɗe a ƙasarmu, galibi suna tarar da bakteriyarsu a gona. Waken suya baƙo ne daga gabashin Asiya, shi ya sa ake cuɗa masa tasa a jikin iri. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana yin garin wannan bakteriya mai suna Nodumax, wani shirin bunƙasa noman dangin wake mai suna N2Africa kuma ya gwada cuɗin a gonakin manoma a Kano, Kaduna, Neja da Borno. Ire-iren IITA masu lambar TGx, kamar TGx 1448-2E da TGx 1835-10E, suna iya yin ƙuraje da bakteriyar da ke ƙasa, amma su ma sukan ƙara yabanya idan an cuɗa, musamman a gonar da ba a taɓa noma waken suya ba.

Garin baƙi ne mai ɗan danshi, kuma abin da ke cikinsa mai rai ne. Yawancin asarar da ake yi daga manta wannan take farawa. Ka duba ranar ƙarewar wa'adi a jikin leda. Kada ka sayi wadda aka shanya kan tebur a rana, ko wadda ta huje. A gida sa ta a firji, amma ba ɓangaren ƙanƙara ba. In babu firji, a ajiye ta gindin randa a ɗaki mai sanyi. Ledar da aka farke a ƙarar da ita a ranar.

Ma'auni shi ne giram 10 na gari ga kilo ɗaya na iri, wato leda mai giram 100 ta ishi kilo 10. Hekta ɗaya na cin iri kilo 50 zuwa 60, ka ga leda biyar ko shida ke nan. In kamfanin ya rubuta wani ma'auni a jikin ledarsa, nasa za ka bi.

Busasshen gari ba ya zama a jikin iri, sai da abin liƙi, kuma ƙaro ya fi komai. A narkar da giram 20 zuwa 30 na ƙaro a ruwan ɗumi kimanin rabin ledar fiya wata, wato mililita 250, a bari ya huce sarai. Idan ba ƙaro, cokali biyu na sukari a ruwa daidai wannan zai yi, sai dai bai kai ƙaro riƙo ba. A yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse. Ruwan famfo mai warin kulorin yana kashe ƙwayoyin bakteriyar.

A inuwa ake cuɗin. Zuba iri kilo 10 a baho mai tsabta, wanda ba a taɓa dama maganin feshi a ciki ba. Yayyafa ruwan ƙaron kaɗan-kaɗan kana juyawa da hannu har kowace ƙwaya ta yi sheƙi, amma kada ruwa ya kwanta a gindin baho. Sannan barbaɗa garin, ka ci gaba da juyawa a hankali minti biyu ko uku har irin ya yi baƙi-baƙi bai ɗaya. Nan ake yawan kuskure: fatar waken suya sakayau ce, in ruwa ya yi yawa sai ta yamutse ta saɓule, ƙwayar ta rabe biyu, kuma wadda ta rabe ba ta tsirowa. Baza irin a kan buhu a inuwa minti 15 zuwa 30 ya sha iska, ka shuka a ranar. Gara a cuɗa iya abin da za a shuka kafin azahar, a sake cuɗa wani da la'asar, da a kwana da cuɗaɗɗen iri.

A gona ma a rufe bahon da buhu. Ƙasa ta kasance da laima, bayan ruwa ya zauna sosai, wanda a yankin Zariya da kudancin Kano yakan kama daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. Zurfi santimita 3 zuwa 5, tsakanin kunya da kunya santimita 75, kuma a rufe rami nan take. Binne ba ya yi a nan, domin busasshiyar ƙasa mai zafi tana gamawa da ƙwayoyin bakteriyar kafin ruwa ya sauka.

Idan za a sa wa iri maganin fumfuna da ƙwari, shi ake fara sawa ya bushe, garin bakteriya ya zo daga ƙarshe dab da shuka, saboda wasu magungunan na rage ƙwayoyin in sun daɗe tare.

Sai maganar taki. Ƙuraje ba sa aiki sai da fosfaras, kuma gonakinmu da yawa sun gaza a nan. A sa takin supa, mai ɗauke da fosfaras, kimanin buhu huɗu a hekta lokacin shuka, a binne a gefen layi da tazarar faɗin yatsu uku, kada ya taɓa iri, don yana ƙona ƙwayoyin bakteriyar. Yuriya kuwa a bar wa masara. Waken suya da ya samu naitirojin a ɓagas ba ya wahalar da kansa wajen yin ƙuraje: ganye zai yi kore shar, kuɗi kuma sun tafi a banza.

Bayan mako biyar ko shida, wajen fitar fure, je ka duba. Kada ka fizge shukar, ƙurajen za su tsinke su zauna a ƙasa. Haƙo ta da fartanya tare da ƙasarta, ka wanke saiwar a bokiti. Ƙuraje manya-manya da suka taru kusa da babbar saiwa, ƙasa kaɗan da inda irin ya kwanta, alama ce cuɗin ya kama. Tsaga guda da farce ko reza. Ciki ja ko ruwan hoda na nufin ana aiki, wannan jan wani sinadari ne dangin na jini, da ke kare aikin daga iskar oksijin. Fari ko dai bai ƙosa ba ko bakteriyar ba ta da amfani, kore ko ruwan ƙasa kuma ya tsufa. A lura da wani kumburin da ƙananan tsutsotsin ƙasa ke jawowa: ƙurjin bakteriya yana ɓallewa in an murza shi da yatsa, na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura.

In ba ka ga ƙuraje ba, ganye kuma yana zama ruwan ɗorawa, bi sawu: ko garin ya mutu tun a kasuwa, ko irin ya sha rana, ko ruwa ya kwanta a gonar, ko ƙasar ta yi tsami da yawa. Don ka raba gardama, bar kunya huɗu ko biyar ba cuɗi, ka shuka su da farko kafin hannunka ya taɓa garin, ka sa musu supa daidai da saura, ka auna amfaninsu daban ranar casa.

Wanda ke son masarar baɗi ta ci gajiya ya sani yawancin naitirojin ɗin yana tafiya ne cikin ƙwayar da aka kai kasuwa. Abin da ke saura yana cikin saiwa, ganyen da ya zube da ƙaiƙayi. Saboda haka a yanke shukar daga gindi maimakon tugewa, a mayar da ƙaiƙayin gona, ko a ba dabbobi a dawo da takinsu.