Haɗa man kariya daga rana da zai jure zafin Maradi

Man kaɗanya yana tausasa fata, amma ba ya tare rana yadda zabiya ko mai aikin gona ke buƙata. Abin da ke tarewa shi ne sinadaran da ke shanye hasken UV, wato hasken rana da ido ba ya gani, kuma iri biyu ake yaƙa: UVB mai ƙona fata, da UVA mai nitsewa ciki ya bar tabo da tamoji. Man kirki dole ƙarfinsa a kan UVA ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na lambar SPF ɗinsa, wato lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa daga ƙunar rana.

Tsohon sinadarin avobenzone rana ce da kanta ke lalata shi, musamman in an haɗa shi da octinoxate. Shi ya sa muka fi son sababbin da kamfanin BASF ke yi. Tinosorb S yana ɗaukar UVA da UVB duka, Uvinul A Plus na UVA ne, Uvinul T 150 kuwa ya fi kowa ƙarfi a kan UVB. Dokar Turai ta ƙayyade na farko da na biyu a kashi 10 cikin ɗari, na ukun a kashi 5.

Ga awon kilo ɗaya. Ɓangaren mai: Tinosorb S giram 30, Uvinul A Plus 40, Uvinul T 150 giram 20, dibutyl adipate 100, C12-15 alkyl benzoate 80, haɗin glyceryl stearate da PEG-100 stearate 30 (shi ke ɗaure mai da ruwa), cetearyl alcohol 15, man kaɗanya 20. Ɓangaren ruwa: ruwan da aka tace ta tururi giram 563, gilisarin 30, zantan gam 3, EDTA 1. A ajiye Tinosorb M (shi ma mai tare UV ne) giram 60 da phenoxyethanol (mai hana man lalacewa) 8 sai ƙarshe.

Duk aikin yana wajen narkarwa. Tinosorb S da Uvinul ɗin nan biyu gari ne, kuma sai sun narke sarai suke tare haske. A ɗora ɓangaren mai a kan ruwan zafi har ya kai digiri 80 zuwa 85, ana juyawa. Uvinul T 150 ne mai taurin kai, shi ke narkewa daga baya. A ɗebo ɗigo a shafa a gilashi, a ɗaga wajen haske: in akwai ko da ƙwaya ɗaya, ba a gama ba. Kada a ce za a rage kuɗi a musanya dibutyl adipate da C12-15 alkyl benzoate, mayukan da ke narkar da su, da man gyaɗa ko basilin. Sinadaran za su narke a kan wuta, amma bayan makonni su koma ƙanƙara-ƙanƙara a cikin kwalba, man ya riƙa gurzar fata kamar rairayi, ƙarfinsa ya faɗi ba tare da mai shafawa ya sani ba. Wannan ce ɓarnar da ta fi ban tsoro, don uwar zabiya za ta saki ɗanta ya fita rana tana ganin ta kare shi.

Zantan gam a fara kwaɓa shi da gilisarin kafin ya shiga ruwa, in ba haka ba zai yi gudaji. A dumama ruwan zuwa digiri 80, a zuba mai a cikinsa sannu a hankali, injin gauraya yana gudu da ƙarfi minti uku zuwa biyar. Ludayi ba zai yi wannan aikin ba. Daga nan a rage gudu har ya huce.

In ya sauko ƙasa da digiri 40, a zuba Tinosorb M. Ruwa ne fari mai kauri, rabinsa kawai ne sinadarin, wato giram 60 na nufin kashi 3 cikin ɗari. Wanda ya wuce wannan awon da yawa zai ga fatar baƙin mutum ta yi toka-toka. Sai phenoxyethanol, wanda bai kamata ya haura kashi 1 ba. A daidaita pH, wato ma'aunin tsami, tsakanin 6 da 7.

A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yakan wuce digiri 40, rumfar kwano a kasuwa kuwa ta fi haka. Don haka a ajiye kwalba ɗaya a digiri 45 har wata uku, wata kuma a riƙa kai ta firiji ana fito da ita. In mai ya taso sama, a ƙara abin ɗaure mai da ruwa ko a tsawaita gaurayar. Kwalba ta zama mai toshe haske.

Manhajar lissafi ta BASF a intanet tana ba da kimar SPF kafin a sayi kaya, amma kima ce kawai. Lambar da za a buga a jikin kwalba sai ɗakin gwaji ya auna ta a fatar mutane bisa ƙa'idar ISO 24444, inda ake shafa miligiram 2 a kowane murabba'in santimita. Yawancin mutane ba sa shafa ko rabin haka, don haka a rubuta a kwalbar, da Hausa da Faransanci, cewa a shafa da kauri kuma a maimaita duk awa biyu, ko bayan gumi da alwala.