Yadda Muke Fita Roƙon Ruwa Idan Sama Ta Ɗauke

A nan Jos ruwa kan sauka tun watan Afrilu, shi ya sa muke riga mutanen Kano shuka. Amma wata shekara sai ya ɗauke bayan masara ta kai gwiwa, ka ga ganyenta ya nannaɗe tun da hantsi, dankalin Turawa ya kwanta a kan kunya. Daga nan dattawa sukan sami liman da mai unguwa a tsayar da ranar roƙon ruwa.

A ba mutane kwana uku su shirya, kuma ni a ganina nan aikin yake. Wanda ya samu iko ya yi azumi. Wanda ya ci iyakar gonar maƙwabcinsa ya mayar, wanda shanunsa suka yi ɓarna ya je ya nemi gafara, ƴanʼuwan da suka daina gaisawa a zaunar da su a zaure. Yaya za mu ɗaga hannu muna neman rahama alhali haƙƙin wani na wuyanmu? Mata su daka gumba a raba wa yara da almajirai.

Ranar fita, a tafi filin Idi da hantsi, a ƙafa, cikin kayan da aka saba sawa, ba turare ba ado. Tsofaffi da yaran da suka yi wayo su zo. Dabbobi kam a bar su a gida, haka malamanmu na Malikiyya suka karantar.

Ba kiran salla, ba iƙama. Rakaʼa biyu ce a bayyane, Sabbi a ta farko, Wasshamsi a ta biyu, babu ƙarin kabbarori irin na Idi. Bayan sallama liman ya yi huɗuba yana tsaye a ƙasa, ya yawaita istigfari, domin a Suratu Nuhu an haɗa neman gafara da saukar ruwa. Sannan ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, gefen dama ya koma kafaɗar hagu. Maza su yi haka suna zaune, mata ba sa juyawa. Don haka a tuna wa samari tun ana gobe za a fita su taho da rawani ko mayafi, yawancinsu sukan zo da riga kawai.

Idan ruwa bai sauka ba, kada kowa ya zargi liman. A ƙara sadaka, a sake sa wata rana a koma.