Tsofaffin gem a na'urar hannu: waɗanda suka cancanci a buga da yadda ake saita su

Ƙananan na'urorin wasa irin su Miyoo Mini Plus, Anbernic RG35XX da R36S kan zo da katin memori maƙare da dubban wasanni. Da yawa maimaici ne, wasu da harshen Japan suke, wasu ko buɗewa ba sa yi. Mai sabuwar na'ura sai ya yi ta leƙa wannan yana barin wancan, bai gama ko ɗaya ba. Mafita ita ce ka zaɓi wasanni ƙalilan da suka dace da ƙarfin na'urarka, da siffar allonta, da maɓallan da ke jikinta. Wasan da ya yi suna a talabijin ba lallai ne ya yi daɗi a allo mai inci uku da rabi ba.

Fara da sanin matsayin na'urar. Miyoo Mini Plus da RG35XX suna da allo mai inci 3.5 da ɗigo 640 a 480, kuma iyakarsu PlayStation ta farko. R36S, mai ƙwaƙwalwar RK3326, tana taɓa Nintendo 64 da Dreamcast da PSP, amma wasu wasannin ne kawai ke tafiya sumul. Retroid Pocket 5, mai Snapdragon 865 da Android, tana ɗaukar PSP da Dreamcast ba wahala, haka ma yawancin wasannin GameCube da kaso mai kyau na PlayStation 2. Steam Deck, da kamfanin Valve ya fitar a 2022, ta fi su duka ƙarfi, sai dai nauyi da cin batir. Emuleta manhaja ce da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura umarni bayan umarni, shi ya sa take buƙatar ƙarfin da ya ninka na asalin na'urar.

Kafin ka buga komai, canza katin memori. Katin da ke zuwa cikin kwali yawanci mara suna ne, kuma yana iya mutuwa ba gargaɗi, ya tafi da duk ajiyar da ka yi. Sayi na SanDisk ko Samsung mai 64GB ko 128GB, ka gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw, domin jabun kati ya yi yawa a kasuwa: a jikinsa an rubuta 128GB, amma da zarar ka wuce ɗan abin da yake ɗauka da gaske sai fayiloli su fara lalacewa. Kwafe foldar BIOS daga tsohon katin kafin ka ajiye shi. Idan OnionOS za ka sa wa Miyoo, wato manhajar da ke maye gurbin wadda na'urar ta zo da ita, dole a tsara katin (format) da tsarin FAT32, kuma ka tuna FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB.

BIOS ɗin nan shi ne ƙaramar manhajar da asalin na'urar ke tashi da ita. Wasannin PlayStation sun fi tafiya daidai idan akwai fayil irin scph5501.bin a foldar da emuleta ke dubawa. Yawancin ƙananan na'urorin nan da tsarin Linux suke aiki, shi kuwa yana bambanta manyan haruffa da ƙanana, saboda haka fayil mai suna SCPH5501.BIN zai iya zama kamar babu shi. Idan wasa ya tsaya a baƙin allo, duba sunan fayil ɗin tukuna.

Game da samun wasannin: hanyar da ba ta da shakka ita ce ka kwafa daga abin da ka mallaka. Faifan PlayStation yana karantuwa a injin CD na kwamfuta da manhajar ImgBurn, kaset ɗin Game Boy kuma akwai na'urar GB Operator da ke kwafe shi. Haƙƙin mallakar waɗannan wasanni yana nan a hannun masu su ko da shekara talatin ta wuce. Mai Steam Deck yana iya sayen da yawa kai tsaye, kamar Chrono Trigger da Castlevania Advance Collection.

Wasannin da aka yi tun asali don hannu su ne suka fi dacewa, domin rubutunsu manya ne kuma matakansu gajeru. A Game Boy, Tetris na 1989 da Link's Awakening DX na 1998 sun isa su riƙe mutum. A Game Boy Advance ne alherin yake. Advance Wars na 2001 wasan dabarun yaƙi ne da ake yi bi da bi, kana iya ajiye na'urar idan an kira sallah ka dawo ka tarar da komai yadda ka bari. Metroid Fusion na 2002 yana nuna maka inda za ka nufa, don haka ya dace da wanda bai saba da wasannin laluben hanya ba. Castlevania: Aria of Sorrow na 2003 shi ne mafi kyau a cikin uku na jerinsa da suka fito a wannan na'ura, kowane dodo da ka kashe yana iya barin maka wani iko, kuma wannan ne ke sa komawa tsofaffin ɗakuna bai zama ɓata lokaci ba. Yi amfani da emuletar mGBA, in na'urar ta gaza ka koma emuletar gpSP. Ka kunna gyaran launi a saitin mGBA: asalin Game Boy Advance ba ta da fitila a allo, sai masu yin wasa suka ƙara wa launuka haske don a gani, abin da ke fitowa da ƙyalli fiye da kima a allon zamani.

Akwai batun girman hoto da mutane da yawa ba sa lura da shi. Hoton Game Boy Advance ɗigo 240 ne a 160. A allo mai 640 a 480, ninki biyu yana ba da 480 a 320, da baƙin fili a kewaye, ninki uku kuma, wato 720 a 480, ba ya shiga. Idan ka bar emuleta ta miƙe hoton ya cika allo, wasu ɗigogi za su fi wasu faɗi, rubutu ya karkace. Ko dai ka kunna Integer Scale a RetroArch, manhajar da ke tattara emuletoci wuri ɗaya, ka haƙura da ƙaramin hoto mai tsabta, ko ka riƙe siffar 3:2 ka sa matatar sharp-bilinear ta daidaita gefuna. Wanda Game Boy Advance ce babban burinsa, Anbernic RG34XX tana da allo mai 720 a 480 daidai ninki uku.

Super Nintendo da Sega Mega Drive suna zama daram a allon 4:3. Super Mario World, A Link to the Past na 1991 da Super Metroid na 1994 ba sa buƙatar dogon bayani. Chrono Trigger na 1995 ya cancanci a tsaya a kansa: ba a fitar da shi a Turai ba a zamanin Super Nintendo, saboda haka da yawa daga waɗanda suka taso da na'urorin da aka shigo da su daga can ba su taɓa ganinsa ba. Ba ya tilasta maka yaƙe-yaƙen ba-zata, kana ganin abokan gaba a fili kafin ku gwabza, kuma yana da ƙarshe fiye da goma. A Sega, Sonic 2 da Streets of Rage 2, duka na 1992, sun dace da zaman minti ashirin. Star Fox da Yoshi's Island suna da ƙarin ƙwaƙwalwa mai suna Super FX a cikin kaset ɗinsu, don haka suna iya sarƙewa a ƙaramar na'ura. Gwada emuletar Snes9x 2005, wadda ta fi sauƙi.

A nan ka kula da sigar wasan. Talabijin na Turai da Najeriya tsarin PAL suke bi, mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, na Amurka da Japan kuma sau 60. Wasanni da yawa ba a gyara su ba da aka kai su Turai, sai suka riƙa tafiya a hankali da kusan kashi 17 cikin ɗari. Allon na'urar hannu yawanci 60 ne, don haka sigar Amurka ta fi santsi. Idan ka ji Sonic yana gudu fiye da yadda ka san shi a da, ba matsala ba ce, haka aka tsara shi.

PlayStation ta farko tana fitar da yawancin wasanninta a 320 a 240, ninki biyu cif a allon 640 a 480. Castlevania: Symphony of the Night na 1997 da Tekken 3 suna tafiya lafiya da maɓallin kibiyoyi kaɗai. Ga wanda ya saba da gidan gem, ISS Pro Evolution 2 da Winning Eleven 2002 na Konami har yanzu suna da daɗin bugawa, kuma ba sa neman sandar analog. Ape Escape na 1999 kuwa ba ya yiwuwa sai da sanduna biyu, kada ka wahalar da kanka a Miyoo.

Metal Gear Solid na 1998 yana da tarko biyu ga mai emuleta. Akwai inda wasan zai ce ka duba bayan kwalin faifai don samun lambar rediyon Meryl. Lambar ita ce 140.15. Sannan a faɗa da Psycho Mantis, asali sai ka cire igiyar kantarola daga rami na ɗaya ka mai da ita na biyu. A RetroArch ka shiga Quick Menu, Controls, Port 1 Controls, ka mai da Mapped Port zuwa 2, bayan faɗan ka dawo da shi 1.

Wasanni masu faifai da yawa, kamar Final Fantasy VII mai uku da Resident Evil 2 mai biyu, suna bukatar shiri. Mai da kowane faifai zuwa tsarin CHD da manhajar chdman, wanda ke rage girma ba tare da an rasa komai ba. Sai ka buɗe fayil ɗin rubutu, ka jera sunayen faifan layi-layi, ka adana shi da ƙarshen suna .m3u, kuma shi za ka riƙa buɗewa. Idan wasa ya nemi faifai na biyu, shiga Disc Control, fitar da faifai, zaɓi lamba, mayar. In ka buɗe kowane faifai daban, emuleta kan ba kowanne katin ajiyarsa, sai faifai na biyu ya ce bai ga inda ka tsaya ba.

PSP sai da allo mai faɗi. Hotonta 480 ne a 272, a allon 4:3 kuwa rubutu yana ƙanƙancewa har ya gagari karatu. A Retroid Pocket 5 ko Steam Deck, sa PPSSPP, emuletar PSP, a ninki uku ko huɗu ka buga Tekken: Dark Resurrection, Burnout Legends ko PES 6. God of War: Chains of Olympus na 2008 yana cikin mafi nauyi, in ya fara sarƙewa rage ninkin zuwa biyu kafin ka taɓa saitin tsallake hoto (frameskip), domin tsallaken yana ɓata lokacin kai hari. Nintendo 64 da Nintendo DS a bar su sai ƙarshe: ta farko kantarolarta ba ta yi kama da ta kowa ba, ta biyu kuma allo biyu gare ta, ɗaya na taɓawa.

Ajiya iri biyu ce, kuma rikita su na jawo asara. Akwai ajiyar cikin wasa, akwai kuma ta nan-take da emuleta ke yi. Ta biyun tana da amfani, amma tana iya ƙin buɗewa idan ka sabunta emuleta ko ka canza zuwa wata. Riƙa yin ta cikin wasa a kai a kai, kuma ka fita daga wasan ta menu kafin ka kashe na'ura, domin RetroArch sau da yawa sai a lokacin fita yake rubuta ajiyar a kati. Sau ɗaya a wata kwafe foldar ajiya zuwa kwamfuta ko waya.

Caji ma yana da ƙa'ida. Da yawa daga masu arahar ba sa jituwa da cajar waya mai saurin caji ko igiya mai USB-C a kai biyu: ko su ƙi caji, ko su ɗau zafi. Nemi caja mai 5V da 1.5A ko 2A, da igiya mai USB-A a kai ɗaya. Kada ka bar na'urar a cikin mota a rana, musamman lokacin bazara, kuma idan ka ga bayanta ya fara ɗagowa, batir ne ya kumbura: daina caji nan take, a canza shi.