Idan mota ta buge ka a Ingila, kada ka yi saurin cewa ka yafe

A gida mun saba, in aka yi haɗari a hanya sai jama'a su taru, a ba da haƙuri, wani dattijo ya ce ƙaddara ce, kowa ya kama gabansa. Yafiya halin kirki ce. Amma ɗan'uwa sabon zuwa, ka sani a Ingila diyyar rauni ba daga aljihun direba take fitowa ba. Kamfanin inshorarsa ne ke biya, domin doka ta wajabta inshora a kan duk mai tuƙi. In ka yafe, kamfani ka yafe wa, kai kuma ga ciwon baya, ga kuɗin haya na jiranka a ƙarshen wata.

A wurin da abin ya faru, karɓi sunan direban da adireshinsa da lambar motar, ka ɗauki hotuna, ka nemi lambar wayar wanda ya gani da idonsa. Kada kunya ta sa ka ce laifinka ne.

Daga nan sai wajen likita, ko da kana jin garau. Ciwon wuya da na baya sukan yi kwana ɗaya ko biyu kafin su bayyana, kuma mu mutane ne masu daurewa, mu sha maganin ciwon jiki mu koma aiki. Wannan dauriyar ce ke cutar da mu a nan, domin abin da likita bai rubuta ba da wuya a biya ka a kansa. Adana rasit na tasi da na magani, da takardun albashi da za su nuna kwanakin da ba ka fita aiki ba. Masu aikin kula da tsofaffi, da ake biya da awa, su suka fi buƙatar wannan.

Doka ta ba ka shekara 3 daga ranar haɗarin domin ka shigar da ƙarar neman diyya. Yaro kuwa, lissafinsa ba ya farawa sai ya cika 18. In direban ya gudu ko ba shi da inshora, akwai Motor Insurers' Bureau, ƙungiyar da aka kafa a 1946 domin biyan diyya a irin haka.

Tun 31 ga Mayu 2021, direba ko fasinja baligi da darajar rauninsa ba ta wuce fam 5,000 ba yana iya shigar da buƙatarsa da kansa a shafin Official Injury Claim, kyauta. In raunin babba ne, nemi lauya. Da yawansu ba sa karɓar komai sai an yi nasara, amma suna iya cire har kashi 25 cikin ɗari na diyyar, don haka ka tambaya kafin ka sa hannu.

Kuma don Allah kada wani ya zuga ka ka ƙara gishiri a kan ciwon. A ƙarƙashin wata doka ta 2015, in kotu ta gano ƙarya a tushen buƙatarka, tana iya watsi da ita gaba ɗaya, har da ɓangaren da yake gaskiya.